Ƙusoshin Shekara: Tarihin Layin Dogo a Kan Ƙusa

Masu yawo da na'urar gano ƙarfe a tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa na Amurka da Turai sukan tono wata irin ƙusa gajera mai faɗin kai, an buga mata lamba biyu, kamar 27 ko 34. Wannan ƙusa ba ta riƙe komai. Aikinta ajiye shekara.

Asalinta yana komawa ga wata damuwa da ta addabi kamfanonin jirgin ƙasa a ƙarni na 19. Dogo yana kwance ne a kan gumagumai na katako, kimanin 3,000 a kowace mil, kuma danshi da ƙwari sukan cinye su cikin ƴan shekaru. A 1838 John Bethell na Ingila ya fito da dabarar dura wa katako kiriyosot, wani mai da ake tatsa daga kwaltar gawayi, domin hana shi ruɓewa. To amma wane itace ne ya fi ƙarko, kuma wane magani ya cancanci kuɗin da ake kashewa? Ba a iya sani sai an san shekarun kowane gungume. Saboda haka aka riƙa kafa masa ƙusa mai ɗauke da shekara. Idan ya lalace aka cire, sai a duba ƙusar a rubuta tsawon kwanansa.

Turai ce ta fara, Amurka ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1890. Al'adar ta kai ƙololuwa a farkon shekarun 1930, sannan ta yi ta ja da baya, har ta kusan ɓacewa a shekarun 1970.

Wanda ya tsinci irin wannan ƙusa, abu uku zai duba. Na farko, siffar kanta: zagayayye ne ko mai kusurwa huɗu, kuma lambar ta taso ne ko ta nutse. Na biyu, ƙarfen da aka ƙera ta da shi, domin akwai ta baƙin ƙarfe, akwai ta jan ƙarfe. Na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne wurin da aka same ta. Dalili kuwa, kamfanonin waya da na lantarki su ma sun kafa ƙusoshi masu lamba a jikin falwayoyinsu, kuma sau da yawa 35 ko 40 a can tsawon falwayar ne da ƙafa, ba shekara ba. Kama da wane ba ta wane.

Ko a kan dogon ma, lambar tana iya nufin shekarar da aka yi wa katakon magani, ba shekarar da aka shimfiɗa shi ba. Don haka duk wanda ya jefa ƙusa a aljihu bai rubuta inda ya tono ta ba, ya raba ta da rabin shaidarta.