Fallen Ƙaro da Zoɓo a Matsayin Ma'aunin Amoniya: Hanta ko Ƙoda Ya Kamata a Dosa a Yerwa?

Tsakure

Maƙalar ta auna dacewar falle na ƙaro da sitaci, rinanne da zoɓo, wajen gano amoniya a jini da miyau. Lissafi ya nuna cewa amoniyar jini, wadda ake aunawa ga masu ciwon hanta, ta yi wa irin wannan falle kaɗan, amma wadda ake fitarwa daga yuriya, wadda ke hawa idan ƙoda ta gaza, ta ninka ta kusan sau 200. Don haka ciwon ƙoda ya kamata a dosa.

Gabatarwa

Gwajin amoniyar jini yana da tsirfa: sai an sa jinin cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin rabin awa, in ba haka ba adadin ya hau da kansa. Wannan sharaɗi ne mai nauyi a Yerwa, wato Maiduguri, garin da zafinsa ke haura digiri 40 a bazara, wanda kuma aka yanke daga babban layin lantarki na ƙasa a Janairun 2021 bayan an kayar da turakun hanyar Damaturu. Ga kuma ciwon ƙoda da ya addabi Borno da Yobe, musamman yankin Gashuwa, inda majinyata da dama ba sa isa cibiyar ƙoda ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri sai abin ya kai ga wankin ƙoda.

Waiwaye

Hanyoyin gano amoniya na Nessler (1856) da Berthelot (1859) sanannu ne. Jayayyarmu da masu binciken marufin abinci ce. Sun nuna cewa falle mai launin zoɓo yana sauya kala idan kifi ya fara ruɓa, kuma gaskiyarsu. Inda aka zarme shi ne ɗaukar cewa abin da ya yi wa kifi zai yi wa jini. Ruɓaɓɓen kifi turnuƙe marufi yake da amoniya da danginta, jinin mutum kuwa ɗan mitsitsi yake ɗauke da shi. Sannan launin zoɓo bai san amoniya ba, tsami da kishiyarsa kaɗai ya sani. Duk matar da ta taɓa jefa kanwa a ruwan zoɓo ta ga jan ya dushe ya koma duhu. Wanda ya tsoma falle kai-tsaye cikin jini ko fitsari, pH ya auna.

Hanyar Bincike

An yi lissafi da ƙa'idar Henderson da Hasselbalch, bisa pKa 9.25 a digiri 25, da adadin da likitoci suka saba aiki da shi. An ɗauki tsarin Conway na 1933, wanda ke raba samfuri da ma'auni da sararin iska.

Sakamako

A pH 7.4 na jini, abin da bai kai kashi 2 cikin 100 na amoniya ba ne ke cikin siffar da ke tashi; saura yana narke. Idan aka ɗaga pH zuwa 10, wanda ruwan kanwa kan kusanta, kason ya kai kusan 85. Ashe wurin falle shi ne cikin murfin kwalba, samfuri a ƙasa, ta yadda abin da ya tashi kaɗai zai taɓa shi.

Babban sakamakon yana ga yawa. Jinin babba mai lafiya ba ya cika wuce maikuromol 50 na amoniya a lita. A mililita ɗaya ke nan bai kai maikurogiram ɗaya ba, kuma tsamin da ke jikin ƙaro da zoɓon zai iya shanye wannan kafin ido ya ga sauyi. Yuriya fa? Mai lafiya yana da kimanin milimol 5 a lita, kuma inzayim ɗin yuriyes yana fasa kowace ƙwayar yuriya ta ba da amoniya biyu. Milimol 10 ke nan, ninki 200. Ga wanda ƙodarsa ta gaza, yuriya kan haura milimol 30. Abu biyu suka ƙara wa wannan hanya armashi: yuriyar miyau tana bin sawun ta jini, ba sai an soka allura ba, yuriyes kuma akwai shi a waken suya da 'ya'yan kankana. Sai dai a bar shi ya gama aikinsa kafin a zuba kanwa, don ba ya jure ta.

Game da fallen kansa kuwa, ƙaron dakwara shi kaɗai yana narkewa a ruwa, ya bushe kuma ya tsattsage, balle a hunturun Yerwa. Dole a haɗa shi da sitaci da ɗan gilisarin.

Iyakoki

Lissafi ne wannan, ba gwajin majinyata ba. Zafi da hasken rana suna kashe launin zoɓo, ƙarfin kanwar kasuwa ba ɗaya ba ne, ƙwayoyin cutar baki suna cin yuriyar miyau, kuma yuriya kan hau saboda ƙarancin ruwa a jiki. Babu ɗaya cikinsu da ya isa ya cike giɓin ninki 200.

Kammalawa

A bar wa injin asibiti amoniyar masu ciwon hanta. Masu bincike a Jami'ar Maiduguri su gwada fallen da ruwan yuriya mai sanannen ƙarfi, sannan su gwama shi da gwajin kiriyatinin, don ya zama matakin tantance wanda za a tura asibiti tun daga ƙaramin shan magani.