Fadamar Baturiya: Wa Ke Riƙe Da Ruwanta?

Jigawa ba ta da teku, amma tana da ruwan da duniya ta yarda a kare. A 2008 aka sa fadamar Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, cikin jerin Ramsar, yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a Iran a 1971.

Sai dai matsalar ta riga takardar zuwa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar Kogin Haɗeja ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka ji a jikinsu. Mai gadin gandu zai iya kama mafarauci, amma ba shi ke sakin ruwan Tiga ba.

'Yan'uwa marubuta, mai son rubuta tarihin Baturiya, daga madatsun Kano zai fara.