Hannu na Biyu a Maƙerar 'Yargoje

Ina da shekara bakwai aka zaunar da ni bayan zugazugi. A gidanmu na 'Yargoje ba a tambayar yaro ko yana so. Ranar da hannunsa ya iya damƙe bakin fatar akuya, ranar ya shiga maƙera. Fatu biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, bakinsu ya haɗu a bututun yumɓu da ya nutse ƙarƙashin gawayin ƙirya. Ka ɗaga ta dama ka buɗe yatsu ta sha iska, ka matse ka danna, kafin ta ƙare ta hagu ta cika. In ka yi daidai, wuta huci ɗaya take yi ba yankewa. In ka kuskure, Baffa ba ya ko ɗago kai, sai ya ƙwanƙwasa awartaki a gefen uwar maƙera sau biyu, ka san da kai ake.

Abin da ya tuno mini da wannan zama shi ne wani bidiyo da ɗana, mai karatun injiniya a Zariya, ya turo mini bara. Wani hannun ƙarfe ne fari, mai gaɓoɓi shida, an kafe shi a kan tebur. Wata mata ta kama wuyan hannun, ta ja shi zuwa inda wani ƙarfe yake, ta danna maɓalli, ta sake ja zuwa wani wuri, ta danna. Da ta saki, sai ya bi sawun da ta nuna masa, ya maimaita, ya sake maimaitawa, ita kuwa tana tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi tana nata aikin. Masu ƙera shi suna kiran irinsa kobot, wato mutum-mutumin da ke aiki tare da mutum. Na kalla sau uku. Haka Baffa ya kama wuyan hannuna ranar da ya fara ba ni masaba.

Ƙira a ƙasarmu ba ta taɓa zama aikin mutum ɗaya ba. Maƙeri yana zaune da awartaki a hagu, ƙaramar guduma a dama. Gabansa mai masaba, bayansa ɗan zuga. Ba a yawan magana, saboda ƙarfe ba ya jiran a gama zance. In ya fito daga wuta ja-wur, ɗan lokaci kaɗan gare ka kafin ya yi duhu ya taurare. Guduma ce ke magana. Inda maƙeri ya taɓa da ƙaramar, nan mai masaba zai sauke babbar. In ya taɓa da ƙarfi, a ƙara nauyi. In ya kwantar da ita a kan uwar maƙera, a tsaya cak. Da haka ake fitar da fartanya da garma da sungumi da lauje da gatari, duk abin da manomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yake fita da shi in damina ta faɗi. Shi ɗan zuga, da ake gani kamar iska kawai yake turawa, idonsa yana kan wuta shekara da shekaru. Kafin a ba shi masaba ya san launin ƙarfen da ya nuna da wanda ya ƙone ya fara tartsatsi. Kafin a ba shi awartaki ya san inda ake bugu don baki ya yi faɗi ba tare da ya tsage ba. Ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa.

Kakanmu ya riski zamanin da ake narka tama, ana kwana ana zuga a kan rahoniya kafin a sami dunƙulen ƙarfen da zai isa 'yan fartanyoyi. Wannan ya mutu ne ba da faɗa ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, layin da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙaura Namoda a 1929, sai tsohon ƙarfen Turawa ya cika kasuwa da araha. Daga baya sifirin ɗin manyan motoci ya zama ƙarfen da maƙeri ya fi so don gatari da adda. Tama ta tafi, amma zaman mutum uku a gindin wuta bai motsa ba.

Injin da ya fara ƙwace aiki daga hannun mutanenmu ba a maƙera ya sauka ba, a auduga ya sauka. Kudancin Katsina ƙasar auduga ce, kuma kafin Turawa kowace tsohuwa tana da magurjinta: ɗan dutse mai santsi da siririn sandan ƙarfe da take murzawa a kai, angurya ta fita gefe, sannan a shiɓe da baka, a kaɗa da mazari. Wannan sandan ƙarfen mu muke ƙera shi, kuma yana cikin kayan da ake kai amarya da su. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar noman auduga a Manchesta, wadda haruffan sunanta BCGA bakin mutanenmu ya mai da su Bisije. Ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Manomi ya riƙa kai audugarsa fuloti a auna a biya shi, motoci su kwashe zuwa inji, abin da mata ɗari za su yi wata suna gurza ya gama kafin azahar. Ba na cikin masu cewa wannan sharri ne zalla. Kuɗin auduga ya yi wa gidaje da yawa rufin kwano. Amma a maƙerarmu an daina sayen sandan gurza, kuma na tarar da guda uku a ƙasan buhun tarkace, sun yi tsatsa.

Abin lura da irin wannan inji shi ne bai san da mutum ba. Yana juyawa ko kana nan ko ba ka nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa a kasuwar ƙauye ya san yadda ake tattare riga a nisanci bel, don in ya kama gefen zane ba ya saki. Hannun ƙarfe na farko da ya shiga masana'anta a duniya haka halinsa yake. Sunansa Unimate, George Devol ne ya ƙirƙiro shi, shi da Joseph Engelberger suka kai shi kasuwa, kuma a 1961 ya fara aiki a wata masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey a Amurka, yana ɗauko ƙarfe mai zafi daga inda aka zuba shi. Aikin awartaki ke nan, ba wani abu ba. Sai dai nauyinsa ya kusa tan 2, kuma in ya juyo ba ruwansa da abin da ke gabansa. A 1979 irin wannan na'ura ta kashe wani ma'aikaci a masana'antar mota a Michigan, a 1981 wata ta kashe wani a Japan. Shi ya sa aka riƙa kewaye su da shingen waya, mutum a waje inji a ciki, in an buɗe ƙofa wuta ta ɗauke.

Malamai biyu na jami'ar Northwestern, Edward Colgate da Michael Peshkin, su suka ƙirƙiro kobot a 1996. Na farkon da suka yi ya ba ni mamaki da na karanta labarinsa: ba ya tura kaya da ƙarfin kansa. Mutum ne ke turawa, na'urar kuma ta saita hanya don kada kayan ya kauce. A maƙera yaro ke ba da ƙarfi, babba ya saita. Su kuwa sai suka ba mutum aikin yaro, na'ura ta ɗauki na babba. Wanda ya juya al'amarin ya koma yadda na gani a bidiyo shi ne kamfanin Universal Robots, da wasu mutum uku suka kafa a garin Odense na Denmak a 2005. A 2008 suka sayar da hannunsu na farko, UR5, mai nauyin kilo 18 da ɗoriya, mai ɗaukar kilo 5. Mutum ɗaya zai iya sungumarsa. Yana jin nauyin da ke kan gaɓoɓinsa, in ya ci karo da abin da bai zata ba, ko kafaɗar mutum ce, sai ya tsaya. A 2016 hukumar ƙa'idoji ta duniya ta fitar da takardar ISO/TS 15066, wadda ta bi jikin ɗan Adam gaɓa-gaɓa tana faɗin iyakar matsin da aka yarda na'ura ta yi wa kowane wuri. A asibitin Gentofte da ke Kopenhagen an sa irin waɗannan hannaye biyu suna rarraba kwalaben jinin gwaji bisa launin murfinsu, kimanin 3,000 a rana, ma'aikata na kai da kawo a gefensu ba shinge.

Wannan na asibiti ya shiga raina. Na sha zama a layin gwajin jini da majiyyaci, na ga ma'aikaci ɗaya yana ɗiba, yana rubutu, yana dubawa, ido ya yi ja. In hannun ƙarfe zai karɓe masa jera kwalabe, ina maraba da shi. Damuwata a wani wuri take. Aikin da ake miƙa wa kobot, wato riƙe, miƙo, jera, maimaita, shi ne aikin da muke ba yaro, kuma ta cikinsa yaro ke zama maƙeri. Mun riga mun ɗanɗana. Wajen ƙarshen shekarun 1980 fanka mai ƙafar keke ta shigo maƙerarmu: a juya hannu ɗaya iska ta taho, maƙeri ma yana iya juyawa da kansa tsakanin bugu da bugu. Kafaɗar yara ta huta, gaskiya ne. Amma ƙannena da suka taso bayan fanka ba su yi zaman shekarun da na yi ina kallon wuta ba, kuma har yau in za a shayar da gatari ruwa, Baffa ake kira ya duba launi. Ni da na bar ƙira na kama alli, idona ya fi nasu sanin wannan jan.

Da na je gida hutun ƙaramar salla na kai wa Baffa wayar. Ya kusa tamanin yanzu, kafaɗar dama ta daina ɗaguwa sosai. Na zaci zai tsuke baki. Ya riƙe wayar nesa da ido ya kalla har ƙarshe.

“Ɗan nan, wannan zai iya masaba?”

Na ce, “Baffa, ai da ya ji ya bugi abu tsayawa yake yi. Don haka aka yi shi, kada ya ji wa mutum ciwo.”

“To ba mai bugu ba ne, mai riƙo ne.” Ya yi shiru. “Riƙon ma ina so. Nawa ne?”

Na gaya masa kuɗin ya fi na gidan da muke ciki da gonar bayan gari a haɗe, ga shi yana son wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa. Bai yi dariya ba. Ya ce yaran da zai koya wa ai ba su nan: wasu suna acaɓa a Abuja, wasu sun bi haƙar zinare, wasu iyayensu sun kwashe su zuwa Ƙanƙara da Funtuwa tun harin da aka kawo garin a watan Yunin 2024. Ni ina tsoron inji ya kore yaro daga gindin wuta, shi kuwa yana kallon gurbin da ya daɗe ba kowa. Ban sami abin ce masa ba.

Ɗana ya ce aikin da kobot ya fi karɓuwa a ƙananan shaguna a ƙasashen waje har da walda: mai walda ya kama hannun ya bi da shi kan layin da za a haɗa, sannan ya bar shi ya yi ta yi. Na faɗa wa Baffa wannan ma. Ya gyaɗa kai, ya ce to masu walda na Ƙanƙara su za su fara ganinsa, don su ne aiki ya yi wa yawa, kowa ƙofar ƙarfe yake nema. Sannan ya nuna mini abin da ke jere a jikin bango, inda a da fartanyoyi ke tsayawa kafin damina. Gonakin nesa ba a zuwa, sungumi biyar kacal aka ce ya yi bana. Sauran duk sakata ce, manya, masu kaurin babban yatsa, da ya ƙera daga rodi. Ya ɗauki ɗaya da ba a gama lanƙwasa kanta ba ya tura cikin gawayi, ya ce in ba sauri nake ba in juya masa fankar.