Filin Gwaji da Horon Soji na Nevada

Filin Gwaji da Horon Soji na Nevada, wanda a Turance ake kira Nevada Test and Training Range, wani makeken fili ne a hamadar kudancin jihar Nevada ta ƙasar Amurka, arewa maso yamma da birnin Las Vegas. Rundunar sojin saman Amurka ce ke riƙe da shi, daga sansaninta na Nellis. Faɗinsa ya kai eka miliyan 2.9, wato kusan murabba'in kilomita 11,700. An hana jama'a shiga filin, kuma hanin ya shafi mafarauta, in ban da 'yan kaɗan da ake ba izini na musamman.

Tarihi

An keɓe filin ne a shekarar 1940, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, domin matuƙa jiragen yaƙi su koyi harbi da jefa bama-bamai. Daga baya aka yanki wani ɓangarensa aka mayar da shi wurin gwajin makaman nukiliya, inda aka yi gwaji na farko a ranar 27 ga Janairu, 1951. Wannan ɓangare yanzu yana hannun Ma'aikatar Makamashi, kuma an haramta farauta a cikinsa. Tun daga 1975 ake gudanar da atisayen jiragen yaƙi mai suna Red Flag a sararin samaniyar filin. Sansanin sirrin nan da aka fi sani da Area 51 ma yana cikin wannan yanki, a bakin busasshen tafkin Groom.

Namun daji

Gandun namun daji ya riga soja zuwa kudancin filin. A 1936 aka kafa gandun da yanzu ake kira Desert National Wildlife Refuge, mai faɗin eka miliyan 1.6, domin kare ragon dutse na hamada, wani ragon daji mai manyan ƙahoni murɗaɗɗu wanda yawansa ya ragu ƙwarai a lokacin. Bayan shekara huɗu sai iyakar filin soja ta hau kan gandun. A yau fiye da eka 800,000 na gandun, kusan rabinsa ke nan, suna cikin filin soja. Ma'aikatan gandun da kansu sai sun nemi lokaci daga soja kafin su shiga wannan rabin.

Ana jefa bama-bamai ne a wurare ƙayyadaddu, galibi a cikin kwari, don haka duwatsu da yawa sun zauna shekaru babu kiwo, babu haƙar ma'adinai, babu motocin masu yawon buɗe ido. Ban da ragon dutse, akwai dila da wata dabba mai kama da barewa da kunkurun hamada, wanda doka ta ba kariya. A arewacin filin kuma akwai yankin dawakan daji da aka keɓe a 1962. Idan dawakan suka fi ƙarfin ruwa da ciyawar wurin, hukumar kula da filayen gwamnati takan kama wasu ta fitar da su.

Farauta

Dalilan hana farauta a bayyane suke. Akwai bama-baman da aka jefa ba su fashe ba, wasu tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, suna binne cikin rairayi. Ana kuma atisaye da makamai masu rai, ga kayan aiki na sirri. Wanda ya tsallake allunan gargaɗi ana iya kama shi a kai shi kotu, ko da ya ce dabba ya biyo.

Farautar ragon dutse kaɗai ake yarda da ita, a dutsen Stonewall da wasu duwatsun kudancin filin. Hukumar namun daji ta jihar Nevada ke raba takardun izinin ta hanyar ƙuri'a, kuma ba su da yawa. Wanda ƙuri'a ta faɗa masa sai an binciki tarihinsa na aikata laifi, shi da duk masu yi masa rakiya. Dole su halarci bita kan tsaro, kuma an ƙayyade yawansu. A kudancin filin ana buɗe farautar ne na ɗan lokaci a ƙarshen watan Disamba, lokacin da atisaye ya lafa.

Taƙaddama

Majalisar dokokin Amurka ce ke ba soja izinin riƙe filin na wa'adi. Da wa'adin dokar 1999 ya kusa cika a 2021, rundunar sojin sama ta nemi ƙarin eka kusan 300,000, akasarinsu daga rabin gandun da ya rage a buɗe, tare da cikakken iko a kan rabin da take amfani da shi. Mafarauta da masu fafutukar kare muhalli, waɗanda ba kasafai suke magana da murya ɗaya ba, sun haɗu wajen adawa, tare da ƙabilar Paiute ta Kudu, wadda ke ɗaukar duwatsun a matsayin ƙasar kakanninta. Mafarautan sun yi ƙorafin cewa za a rufe hanyoyin zuwa tankunan tara ruwan sama da 'yan sa-kai suka gina wa ragunan. Majalisar jihar Nevada ma ta zartar da ƙudurin adawa a 2019. A ƙarshe majalisar tarayya ta sabunta wa'adin na shekara 25, zuwa 2046, ba tare da ƙarin filin da aka nema ba.