Gurnanin Birki: Taƙaitaccen Tarihin Na'urar ABS

Duk wanda ya taɓa taka birkin motar zamani da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ya san abin da zan yi magana a kai. Sai ka ji wani gurnani daga gaban mota kamar ana niƙa tsakuwa, fedar birki kuma tana kaɗawa a ƙarƙashin tafin ƙafa. Direbobi da yawa sukan zaci birki ne ya lalace, su ɗage ƙafa, alhali kuwa a daidai lokacin ne bai kamata a ɗage ba. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan gurnani yana da asali, kuma asalin nasa nake so mu bi, domin saninsa kan raba mutum da faɗawa rami.

Da farko dai sai mu san ciwon kafin maganin. Idan aka danne birki fiye da kima, taya takan cije, wato ta daina juyawa, ta riƙa jan ƙasa. Tayar da ta cije kuwa ba ta jin maganar sitiyari. Ko ina ka murɗa, mota miƙewa za ta yi inda ta dosa. Tsofaffin direbobi sun san haka, shi ya sa suke taka birki su saki, su sake takawa, don taya ta sami damar juyawa. Amma ƙafar ɗan Adam tana da iyaka, balle a lokacin firgita.

Abin mamaki, ba a kan mota aka fara neman maganin ba, a kan jirgin sama ne. Matuƙin jirgi ba ya jin abin da tayoyinsa ke ciki lokacin sauka, kuma tayar da ta cije da irin wannan gudu fashewa take yi. Tun a shekarun 1920 wani Bafaranshe mai ƙera jirage, Gabriel Voisin, ya yi gwaje-gwaje a kan haka. A Jamus kuma kamfanin Bosch ya yi rajistar wata dabara ta hana tayar mota cijewa a 1936, sai dai kayan aikin zamanin ba su da saurin da za su cika wannan buri.

A farkon shekarun 1950 kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da na'urar Maxaret. Dabararta mai sauƙi ce: wani ɗan faifai mai nauyi yana juyawa tare da taya. Idan taya ta rage gudu farat ɗaya, faifan yakan wuce ta, ya buɗe bawul, matsin man birki ya ragu, taya ta ci gaba da juyawa. Jirage irin su Vickers Viscount sun yi aiki da ita. A 1966 aka ɗora ta a kan wata motar Ingila, Jensen FF, amma motar ta yi tsada ƙwarai, guda 320 kacal aka ƙera. Amurkawa ma sun taɓa: Ford ya sa wa tayoyin baya kawai a 1969, Chrysler kuma ya sa wa duka huɗun a motar Imperial a 1971. Masu saye ba su yi rububin su ba.

A nawa ganin, Jamusawa ne suka kai gaci. Mercedes-Benz da wani kamfani mai suna Teldix sun nuna tasu na'urar ta lantarki a 1970, amma sassanta na lantarki sun kai kimanin 1,000, kuma abin da ke da sassa dubu yana da hanyar lalacewa dubu. Da Bosch ya karɓi aikin, sai ya rage su zuwa 140. A 1978 aka fara sayar da manyan motocin Mercedes da wannan na'ura ga wanda ya biya ƙarin kuɗi, BMW kuma ya biyo baya. Sunanta na Jamusanci Antiblockiersystem, daga nan aka gutsuro haruffan ABS. A 1985 Ford Scorpio ta fito da ita ba tare da ƙarin kuɗi ba, a 1988 ta hau babur ɗin BMW K100, daga 2004 kuwa masu ƙera motoci suka amince a sa ta a kowace sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a Tarayyar Turai.

To, ina gurnanin yake fitowa? A jikin kowace taya akwai zobe mai haƙora, kusa da shi kuma akwai ɗan ma'auni mai ƙidaya haƙoran yayin da suke wucewa. Ƙidayar tana zuwa ga ƙaramar kwamfuta. Da ta ga wata taya na shirin cijewa, sai ta sa bawul ya tsai da matsin mai, ya rage shi, sannan ya mayar, wani ɗan famfo mai aiki da lantarki kuma yana tura man da aka sako ya koma inda ya fito. Ana maimaita wannan sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙaf-ƙaf ɗin bawul da kukan famfo su ne gurnanin, man da ake turowa baya shi ke kaɗa feda. Ke nan abin da tsohon direba ke yi da ƙafarsa ne na'ura ke yi, da saurin da ya fi ƙarfin ƙafa, kuma taya-taya.

Sai dai tarihin nan yana da darasi mai ɗaci. A shekarun 1980 an yi gwaji da motocin tasi a birnin Miyunik, aka sa wa wasu ABS aka bar wasu. Masu na'urar ba su fi sauran tsira daga haɗari ba, domin sun dogara da ita sun ƙara ganganci. A Amurka ma, cikin shekarun 1990, bincike ya nuna ba ta rage mace-mace yadda aka zata ba. Daga cikin dalilan da aka kawo har da cewa gurnanin na tsorata direbobi su saki birki, wasu kuma suna ta taka-saki irin na da. Sai da aka shiga wayar da kai: danne birki, kada ka ɗage, ka sarrafa sitiyari.

Wannan darasi ya shafe mu. Yawancin iyayenmu sun koyi tuƙi ne da motoci irin su Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ba ta kuwa da wannan na'ura. Sannan motocin Kwatano suka cika gari ɗauke da ita, ba tare da wani ya yi wa direba bayani ba. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Har ila yau a sani, a kan burji ko rairayi mota mai ABS takan ƙara nisa kafin ta tsaya, domin tayar da ta cije takan tara ƙasa a gabanta ta taimaka wajen tsayawa. Amfanin na'urar a nan shi ne sitiyari bai kuɓuce maka ba.

A ƙarshe, ba kowane gurnani ne na lafiya ba. Ɗan gajeren kukan da wasu motoci ke yi da zarar an tashi, na'urar ce ke gwada kanta. Amma idan tana gurnani a busasshiyar hanya kana tsayawa a hankali, to sau da yawa tsatsa ko datti ne ya rufe ma'aunin, ko zoben ya tsage. Idan fitilar ABS ta kunnu ta ƙi mutuwa, birki na nan, amma mai hana cijewa ya daina aiki. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe kuwa a duk takawa, wannan takalmin birki ne ya cinye. Duk waɗannan na bakanike ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu gidajenmu lafiya. Wassalam.