Jar Akuyar Sakkwato da Shaidar Launi

Lokacin da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya sauka Wurno a 1853 wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, fatar akuyar ƙasar Hausa ta daɗe tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma. Turawa suna karɓarta daga hannun fataken Arewacin Afirka, sai suka laƙaba mata sunan Moroko, alhali yawancinta daga garken matan karkara ta fito, irin waɗanda har gobe ake gani daga Rabah zuwa Goronyo. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, fatar ta juya kudu ta bi teku, darajarta ta ƙaru a wurin masu ɗinka safar hannu da masu yi wa littattafai bango. Daga nan aka fara ɗaure ingancin fata a wuyan launin gashi, aka ce ja ita ce ta asali, sauran gauraye ne. A ganina wannan hukunci ya riga shaidarsa zuwa.

A leƙa majema a gani. Majemi yana jiƙa fata cikin ruwan toka har gashin ya saki, ya shimfiɗa ta a kan itace ya kankare shi da wuƙa, ja ne ko baƙi, duk a ƙasa yake zubewa. Sannan ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa. Jan nan mai ɗaukar ido da ake gani a hannun dukawa kuwa rini ne na karan dafi. Abin da mai saye ke biya shi ne laushi da ƙarfi da kyan fuskar fata, kuma babu ɗaya cikinsu da gashi ke rubutawa. Duk da haka a yankin Maraɗi jami'an dabbobi na zamanin Faransa sun bi ƙauyuka suna dandaƙe bunsurun da ba ja ba, aka kuma buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a 1963 don yaɗa jar akuya. Da masu bincike na Nijar suka kwatanta ja da baƙa a ƙauyukan yankin, sakamakon da suka buga a 2002 bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba wajen haihuwa da girma.

Za a ce ai dabarar ta yi aiki, tunda irin ya tsaya da ƙafarsa, an san shi a duniya, kuma dillali a kasuwar Acida ba shi da wani ma'auni sai idonsa. Wannan gaskiya ce, ban kuma raina ta ba. Launi alama ce mai sauƙi, ta kuma taimaka wajen hana irin narkewa cikin wasu. Sai dai kowane baƙin bunsuru da aka mayar taure saboda gashinsa kaɗai ya tafi da abin da ke jininsa, wataƙila juriyar cuta, wataƙila yawan tagwaye, ba tare da an auna ba.

Masu kiwon macizai a Amurka sun koyi haƙurin auna gado kafin yanke hukunci a kan ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, wadda ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin. Zabiyarta ta farko da aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo ta zo ne a 1992. Ba a yarda da sabon launi don an gan shi sau ɗaya. Ana haɗa mai launin da na gama-gari, 'ya'yan su fito kamar ba su gaji komai ba, a jira su balaga a haɗa su da juna, sannan kusan ɗaya cikin huɗu ya fito da launin, kamar yadda masanin gado Mendel ya nuna da wake a 1866. Shekaru ake kwashewa, kuma an gano wani zanen jikin yana tafiya tare da ciwon karkarwar kai, abin da ba lallai ido ya gano ba ranar ciniki.

Akuya wata biyar take da ciki, saboda haka abin da ke cin mai mesa shekaru masu yawa ana iya ganinsa a garken Wurno cikin shekara biyu ko uku. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika tana riƙe da irin, matan da ke ɗaure awaki a turke kuma sun san wace uwa ce ke tagwaye, wace ce 'ya'yanta ba sa kai damina. Wannan sanin ne ya kamata a rubuta, uwa da 'ya da jika, tare da hukuncin majemi a kan fatar kowace.