Ɓargo ya kama, garkuwa ba ta dawo ba

A 1957, da Donnall Thomas ya ba da rahoton majinyata shida da ya ɗura wa ɓargon wasu, tambaya ɗaya ce ta dami fanninmu na dashen ɓargo: dashen zai kama kuwa? Aikin Jean Dausset kan dacewar jiki da jiki a 1958, da nasarar Robert Good a Minesota a 1968 kan jaririn da aka haifa ba garkuwa, sun amsa ta. Amma mun yi gaggawar murna. Fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar bakteriya kan dawo cikin mako biyu zuwa huɗu, a ce an ci nasara, bayan wata biyu ko uku kuma ƙwayar cutar CMV ta kama huhun majinyaci ta yi ajalinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T. Waɗanda suka zo tare da ɓargon kan hayayyafa da wuri, sai dai cututtukan da suka sani kaɗan ne. Sababbi kuwa dole su bi ta taimos, ƙullutun da ke bayan ƙashin ƙirji, a horar da su. Ga shi yana ƙanƙancewa da shekaru, kuma gashin haske da magungunan kansa na raunata shi. Crystal Mackall ta nuna a 1995 cewa ƙwayoyin T nau'in CD4 na yaro sun fi na babba saurin farfaɗowa. Babba kan kai shekara ko fiye, har sai an sake masa rigakafin yara daga farko. A shekarun 1980 aka riƙa tace ƙwayoyin T daga ɓargon don kada su far wa jikin majinyaci. Farmakin ya ragu, amma kansar jinin da aka yi dashen dominta ta fi dawowa, cututtuka suka samu ƙofa. Ba mamaki Hans-Jochem Kolb a Jamus ya koma ɗura su da gangan a 1990 don yaƙar kansar da ta dawo.

Wasu abokan aiki kan ce magungunan CMV sun toshe wannan giɓi: gansaikilobir tun 1989, letamobir tun 2017. Sun ceci rayuka, babu ja. To amma na farkon yana danne ɓargon da ake lallaɓawa, na biyun kuma da an dakatar da shi, CMV kan sake ɗago kai a jikin wanda ƙwayoyinsa ba su nuna ba. Shi ya sa na fi ganin ƙimar abin da Stanley Riddell da Philip Greenberg suka yi a Siyatil a 1992: sun raino ƙwayoyin T masu gane CMV daga jinin mai ba da ɓargon, suka ɗura wa majinyata, garkuwar ta kafu a jikinsu.